Ƙwan enaji zai iya rayar min da shuka a cikin ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidan haya nake a bene, tagata bango take kallo, rana ba ta shigowa sam. Na shuka na'a-na'a da latas da tumatir a robobi, na kunna musu ƙwan enaji ɗin nan mai murɗe-murɗe da ke silin, amma sai suka yi tsawo sirara kamar zare, ganyen ya koɗe suka kwanta. Ƙwan ne ba ya yi ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Ƙwan yana yi, inda kika rataye shi ne matsalar. Wannan tsawon da kika ga sun yi ba girma ba ne, neman haske suke, shuka in haske ya yi mata kaɗan miƙewa take ta yi tana bin sa har karan ya kasa ɗaukar kansa. Idonmu yana yaudararmu, ɗaki zai yi mana fes alhali hasken cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na ranar tsaka ba. Kuma haske saurin raguwa yake, in kika ninka nisan ƙwan da ganye sau biyu abin da zai sauka a kan ganyen kusan kwata ne kawai, toh ki ƙiyasta daga silin zuwa ƙasa.

Don haka ki sauko da shi har ya zama tsakaninsa da saman ganyen santimita 5 zuwa 10, kamar faɗin yatsu huɗu. Shi ba ya zafi irin na tsohon ƙwan nan mai zare, amma duk da haka ki sa bayan hannunki a saitin ganyen na minti ɗaya, in kin ji yana damunki ki ɗaga shi kaɗan. Kuma ki rinƙa ɗagawa suna girma, don ganye in ya taɓa gilashin ƙonewa yake.

Wajen saye ki duba kwalin. Ki nemi mai 6500K, wato farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi ya fi dacewa da ganye, mai 2700K ruwan ɗorawa ne an fi sa shi lokacin fure. Sannan wat na gaskiya za ki duba, ba wanda aka rubuta ɓaro-ɓaro ba, ƙwan wat 23 shi ake cewa daidai yake da wat 100 na da, haskensa wajen lumen 1,600 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Irinsa ɗaya roba ɗaya ko biyu kawai zai ɗauka. Wani abu da mutane ba su lura ba, hasken ta gefen murɗin ya fi fita ba ta kan ba, so ki kwantar da ƙwan a kwance in holdar za ta yiwu, ki kewaye robobin da kwali mai farin fenti ya dawo da hasken da ke tserewa.

Awa 14 zuwa 16 suke so kullum, sauran a bar su cikin duhu. Nan ne wutar Nepa za ta iya ba ki ciwon kai, in babu sola ko inbata gaskiya da wuya. Misali in kika sa ƙwai huɗu masu wat 23, wat 92 ke nan, a awa 14 wajen yunit 1.3 a rana, kusan 39 a wata a mitarki.

Na'a-na'a da latas da lawashi za su yi miki. Tumatir kuwa ki yi renonsa kawai na sati huɗu zuwa shida sai ki kai shi waje inda rana take, ko baranda ko saman bene, amma a hankali, fara da inuwa kwana biyu uku. A ƙarƙashin ƙwan nan zai yi ganye, 'ya'ya dai kuɗin wutar sai ya fi na kwandon tumatir.

Ki kula da yara, akwai zaiba 'yar kaɗan a cikin gilashin. In ya fashe a buɗe taga a fita kamar minti 10, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗaure a leda. In kuma sabo za ki saya ba wanda kike da shi ba, ni dai LED zan ce ki ɗauka, wat 15 zai ba ki hasken wat 23 ɗin nan kuma babu zaiba. Waɗanda suka riga suka kwanta ki sake shuka latas ɗin, na'a-na'ar ki datse ta za ta tofo.