Waranti ba gayyata ba ce: amsa kan ɗan sanda bamfaya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa ya tambaya ko ɗan sandan da ya kasance bamfaya, wato mataccen nan mai tashi ya sha jinin mutane a tatsuniyoyin Turai, wanda aka ce ba ya shiga gida sai an gayyace shi, zai iya shiga idan yana riƙe da waranti daga alƙali. Na daɗe ina koyar da dokar kamu da bincike, kuma nakan jefa wa ɗalibai wannan tambaya domin ta fi misalan littafi saurin fito da bambancin izini da iko. Amsata ita ce a bakin ƙofa zai tsaya, takardarsa a hannu.

Dalili shi ne ba a ƙirƙiri waranti don ya zama yardar mai gida ba, an yi shi ne domin hukuma ta shiga ko mai gida ya so ko bai so ba. Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace wannan a shari'ar Bumper da jihar North Carolina a 1968, inda 'yan sanda suka ce wa wata tsohuwa suna da waranti, ita kuwa ta ce su shigo. Kotu ta ce wannan ba yarda ba ce, miƙa wuya ne ga wanda ya ce doka na bayansa. To idan doka da kanta ba ta ɗauki "shigo" ɗin da aka faɗa saboda ganin takarda a matsayin izini ba, ban ga yadda takardar ita kaɗai za ta zama gayyata ba.

Ƙa'idar gayyata ta shahara ne ta littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, kuma sharaɗin da ke ciki shi ne wani daga mutanen gidan ne zai kira bamfayan, bayan haka kuma ya shiga duk lokacin da ya ga dama. Alƙali dai ba mutumin gidan ba ne. Ɗalibai kan kawo hujjar cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a Najeriya a hannun gwamna, don haka hukuma ce mai gida ta ainihi. Hujjar tana da daɗin ji, amma tatsuniyar ba ta magana kan mallakar fili, kan masu kwana a gidan take magana. A nan ma dokar Amurka ta yi daidai da ita, domin a shari'ar Chapman ta 1961 an yanke cewa mai gidan haya ba shi da ikon bai wa 'yan sanda izinin bincika gidan da ɗan haya yake ciki.

Inda doka da tatsuniyar suka rabu shi ya fi ba ni sha'awa. A doka, wanda ya ba da izinin bincike yana iya iyakance shi ga falo kaɗai, yana kuma iya janye shi, sannan a shari'ar Randolph ta 2006 kotu ta ce idan mata ta yarda, miji kuma yana tsaye a wurin ya ƙi, ba za a yi amfani da binciken a kansa ba. Bamfaya kuwa mutum ɗaya ya ishe shi, kuma gayyatar ba ta ƙarewa. Saboda haka irin wannan jami'i ya fi hatsari ranar da ya zo ba takarda, ya yi sallama cikin ladabi, wani yaro ya ce masa bismillah.

Sai dai tsofaffin labaran ƙauyukan Sabiya ba su damu da gayyata ba. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, mutane tara sun mutu cikin kwana takwas, aka ɗora wa wani mamaci mai suna Petar Blagojević, wanda matarsa ta ce ya dawo gida yana neman takalmansa. Jami'in gwamnatin Ostiriya mai mulkin yankin a lokacin, Frombald, ya nemi a jira izini daga Belgrade kafin a tone kabarin, mutanen suka ce za su watse su bar ƙauyen idan aka jinkirta, dole ya tsaya da limamin coci ana soke gawar da tsinin itace aka ƙone ta. Irin wannan tone-tone ya ci gaba har Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta haramta shi a 1755, bayan rahoton likitanta Gerard van Swieten, ta kuma ƙwace irin waɗannan ƙararraki daga hannun malaman coci da ƙananan hukumomi ta mayar da su ga gwamnatin tsakiya.