Muryar Yaya a guruf ɗin gida, kan ranar ma'aikata

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata na ga saƙonki tun ɗazu, wai ranar ma'aikata ta matso, yara babu makaranta, Abbansu ma yana gida, me za ku yi wanda ba zaman gaban talabijin ba kuma ba sai an zubar da kuɗi ba. Hannuna a jiƙe yake shi ya sa na ce bari kawai in turo murya, ki yi haƙuri in ta yi tsawo.

To ni dai abin da muka yi bara shi zan gaya miki, kuma wallahi ba shiri na yi ba, babbar 'yata ce ta tambaye ni wai Mama in ranar ma'aikata ce me ya sa ba a aiki. Sai na zaunar da su na ba su labarin yadda abin ya samo asali. Kin san a da a masana'antun Amurka mutum sai ya yi awa 10, awa 12 yana aiki a rana, kwana shida a mako, to ranar 1 ga watan Mayu 1886 ma'aikata suka tsunduma yajin aiki suna neman a mayar da shi awa 8, abin ya fi zafi a Chikago, ranar 4 ga wata aka jefa bam a wurin taronsu a dandalin Haymarket, 'yan sanda suka mutu, mutanen gari suka mutu, daga baya aka rataye mutum huɗu cikin waɗanda aka kama. A 1889 aka yi taro a Faris aka tsayar da 1 ga Mayu ta zama ranar ma'aikata. Abin mamakin kuma su Amurkan da abin ya faru a ƙasarsu ba ranar suke hutu ba, nasu Litinin ɗin farko ce ta watan Satumba, tun 1894. Ban ba yara zancen ratayar ba dai, kin san autana da mafarki.

Abin da ya kama su shi ne lissafin nan na awa takwas aiki, awa takwas hutawa da harkar kai, awa takwas barci. Sai na ce kowa ya ɗauko takarda da fensir ya zana da'ira kamar agogo ya raba ta uku, sannan a cike ta kowa a gidan. Ta Abbansu ta tafi daidai, har da ɗan ragi. Da aka zo tawa fa nan aka yi ta, tashin asuba, girki, shirya su makaranta, in tafi nawa aikin, in dawo, wanki, wanke-wanke, duba aikin gida na makaranta, guga da dare, yarinyar nan tana rubutawa tana rubutawa har wurin ya cika ta fara rubutu a gefen takarda, ta ɗago ta ce Mama ai taki ta ƙi shiga. Abbansu ya yi shiru yana sosa ƙeya, ni ko ban ce uffan ba.

Daga nan ne aka yanke cewa ranar ni ba zan taɓa komai ba. Aka rubuta ayyukan gida a 'yan takardu aka nannaɗe aka zuba a kwano kowa ya ɗauka, wanda ya faɗo maka shi ne naka, babu musanya. Namijin ya ɗauko wanke-wanke, ya tsaya kan kujera 'yar tsugunno yana dirzar tukunya, can sai ga shi da gudu yana nuna min yatsunsa sun yi yaushi sun tattare, wai Mama hannuna ya tsufa. Na ce haka nawa yake yi kullum. Amma fa ki ɗaure zuciyarki, in kin ga sharar ba ta fita ba kar ki karɓe tsintsiyar, ni sau biyu ina miƙewa ina komawa. Kuma aiki daidai ƙarfin yaro, ban da wuƙa ban da wuta.

Da yamma Abbansu ya fito da kayan aikinsa ya baje a ƙasa, ashe yaran nan duk tsawon shekarun nan ba su san me yake yi ba, su dai sun san yana fita yana dawowa a gajiye. Ya nuna musu kowane abu da sunansa da amfaninsa, ya bar su suka taɓa. Ku ma ku yi haka, ko da aikin ofis ne a nuna musu me ake yi a kwamfutar. Sannan ku kira kakanninsu a waya yara su tambaye su aikin farko da suka fara yi a rayuwa da abin da suka saya da kuɗin farko, tsofaffi suna son wannan tambayar, sai kin ce musu kati zai ƙare.

Wani abu kuma dan Allah, in kina da mai taya ki aiki a gida ki ba ta hutun ranar kuma kar ki cire ko sisi a albashinta, ba daidai ba ne ana hutun ma'aikata ita tana duƙe tana wanki. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ma sai a 2011 ta fitar da yarjejeniya ta musamman kan masu aikin gida, alhali ta awa takwas tun 1919 aka yi ta. Kuma akwai waɗanda ranar ba su da hutu sam, masu gadi, masu kwashe shara, ma'aikatan asibiti, direbobi, mu dai yara sun rubuta 'yar takardar godiya sun kai wa mai kwashe mana shara, mutumin ya juya ta ya sake juyawa ya ninke ya sa a aljihun gaba.

In kuna son fita ku bari sai rana ta yi sanyi ku taka da ƙafa, yara su riƙa ƙirga sana'o'in da suka gani a hanya, wanda ya fi yawa shi zai zaɓi wasan dare. Bari in tsaya nan ruwa na zuba, ki turo mana hoton da'irar taki in an cike.