Tambaya da Amsa: Na Huda Akwatin Wufa Don Ƙarin Bas, Sifika Kuma Tana Ta Yagewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai ba da hayar kayan sauti ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ina kai su wuraren biki da walimar sauka. Ina da wufa, wato sifikar bas, mai inci 18 wadda aka rubuta wat 2,000 a kwalinta. Don bas ya ƙara ƙarfi, na sa kafinta ya huda min ramuka biyu masu faɗin inci 6 a gaban akwatin. Ƙara ta ɗan ƙaru, amma sau biyu ke nan faifan sifikar yana yagewa. Ramukan ne matsalar, ko amfilifayata ce ta yi ƙanƙanta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na fi zargin ramukan, domin an huda su ba tare da lissafi ba, kuma sayen babbar amfilifaya a wannan hali zai ƙara saurin yagewar faifan ne kawai.

Idan ka busa bakin kwalba za ka ji amo guda ɗaya tak, kuma girman cikin kwalbar da tsawon wuyanta su ne ke tsayar da wannan amo. Akwati mai rami haka yake aiki: cikinsa shi ne kwalbar, bututun ramin kuma shi ne wuyan. A daidai amon da aka saita akwatin, iskar da ke cikin bututun ce ke fitar da mafi yawan bas, faifan sifikar kuwa motsinsa ya ragu ƙwarai, kuma daga nan ake samun ƙarin ƙarar da kake nema. Amma da zarar kiɗa ya gangara ƙasa da wannan amo, iskar cikin akwatin ta daina tare faifan, sai ya riƙa kai da kawo kamar ba ya cikin akwati sam, har ya wuce iyakar tafiyarsa ya yage.

Mu ɗauka cikin akwatinka lita 170 ne, bayan an cire wurin da sifikar da bututu da katakan tokare suka ci. Idan kana so a saita shi a kan Hz 40, wato girgiza 40 a daƙiƙa ɗaya, da bututu biyu masu faɗin inci 6, kowanne zai buƙaci tsawon kimanin santimita 28. Kai kuwa ramukanka ba su da wani tsawo sai kaurin katakon, saboda haka amon akwatin ya tsaya sama da Hz 60, ga shi kuma kiɗan biki cike yake da bas mai sauka ƙasa da hakan. Ƙa'idar ita ce, ƙara tsawon bututu yana saukar da amo, ƙara faɗinsa kuma yana ɗaga shi. Kada wannan ya sa ka matse ramin don gudun dogon bututu, domin iska za ta riƙa fita da huci mai ɓata sauti. Bututun roba na masu aikin famfo ya wadatar, in dai an goge bakinsa kuma an bar tazara aƙalla daidai faɗinsa tsakaninsa da bangon baya.

Sai dai lita 170 ɗin nan misali na kawo, ita sifikar ce ke faɗin akwatin da ya dace da ita. Injiniyan nan na Ostireliya, Neville Thiele, ya wallafa lissafin akwati mai rami a 1961, wani injiniyan kuma, Richard Small, ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi ya sa kamfanonin kirki ke buga alƙaluman wannan lissafi a takardar sifika. Fs shi ne amon da faifan ke girgiza a kansa idan ba ya cikin akwati, Vas yana nuna laushinsa kuma da lita ake auna shi, Xmax kuma iyakar tafiyar faifan ce da milimita. Wanda zan so ka fara dubawa shi ne Qts, mai nuna yadda sifikar ke iya danne girgizar faifanta: idan bai kai 0.4 ba sifikar ta dace da akwati mai rami, idan kuwa ya haura 0.5 rufaffen akwati ya fi mata. Manhajar kwamfuta ta WinISD kyauta ce, za ka shigar da alƙaluman ta ba ka girman akwati da tsawon bututu.

Wat 2,000 na jikin kwali kuwa galibi ƙarfin ƙiftawar ido ne, adadin RMS, wato ƙarfin da sifikar ke iya ɗauka na tsawon lokaci, shi ne abin dogaro. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, alhali kunne sai an kai wajen desibel 10 yake jin ƙara ta ninku. Sifika mai desibel 98 a wat ɗaya tana yin ƙarar da mai 95 ba za ta yi ba sai da ninkin wuta, kuma ga mai aiki da janareta wannan bambanci kuɗin mai ne.

Ka sa kafinta ya yi amfani da filawud mai kaurin milimita 18, ya tokare bangwayen daga ciki, ya toshe kowace kafa da gam. Katakon MDF, wanda ake yi da matsattsen garin katako, yana da kyau a ɗaki, amma yana da nauyi kuma yana kumbura idan ruwan damina ya taɓa shi, don haka bai dace da kayan haya ba. Bayan an gama, ka kwantar da akwatin sifika na kallon sama, ka zuba ƴan ƙwayoyin gero a kan faifan, ka kunna amo ɗaya bayan ɗaya a hankali da manhajar gwajin sauti ta waya. Inda geron ya fi natsuwa, nan amon akwatin ya tsaya. Daga nan sai ka kunna matatar da ke yanke bas na can ƙasa a kurosoba (na'urar da ke raba amo tsakanin sifikoki) ko amfilifaya, ka ajiye ta wajen Hz 35 idan akwatin yana kan 40. A filin biki kuma, inda babu bango mai dawo da sauti, ka jera wufofinka a ƙasa wuri ɗaya suna manne da juna, ka kuma tabbata wayar ja da baƙa sun shiga iri ɗaya a kowacce, domin idan ɗaya ta juye, bas ɗin biyun zai riƙa kashe juna.