Tsutsotsi masu ƙaya ne suka kashe min makankarin teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ina da tankin ruwan gishiri na murjani, kwanan baya na saka makankarin teku guda biyu irin manyan nan da ake kira Tridacna, toh kawai na wayi gari na tarar ɗaya ya wangale ya mutu, ga wasu tsutsotsi jajaye masu farar ƙaya a gefe sun cika cikinsa suna ci. Su ne suka kashe shi? In kwashe duwatsun in hallaka su ne kafin su taɓa ɗayan ko yaya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Amma dan Allah kar ka taɓa duwatsun nan tukuna, domin ni a ganina ba tsutsotsin ne suka yi kisan ba. Irin waɗanda ka siffanta, yawanci Eurythoe complanata ne ko danginta, suna shigowa ne a ɓoye cikin dutsen teku, kuma ba su ma da haƙoran da za su yagi lafiyayyen makankari, aikinsu cin ragowar abinci da kashin kifi da duk abin da ya fara ruɓewa. Ungulu ce ta cikin ruwa, mushe take bi ba ita ke kashewa ba. Makankari in ya fara mutuwa namansa da wuri yake lalacewa, su kuma suna jin warin tun kafin kai ka lura da komai, sai su taru da daddare, kai kuma da safe su ka fara gani shi ya sa laifin ya faɗa kansu. Gaskiya ma taimakonka suka yi, da naman ya zauna ya ruɓe da amoniya ta tashi ta taɓa sauran halittun tankin.

Toh me ke kashe shi? Na farko haske. Tridacna yana da wasu ƙananan tsirran ruwa da ke zaune a cikin fatar nan tasa mai launi, su ke haɗa masa mafi yawan abinci daga haske, in fitila ba ta da ƙarfi sai ya yi ta ramewa a hankali makonni ba ka sani ba, musamman nau'o'insa da ake kira crocea da maxima waɗanda suka fi nau'o'in derasa da squamosa son haske nesa ba kusa ba. Sai ruwa, ka gwada, sinadarin kalsiyam ya kasance wajen 400 zuwa 450 a ma'aunin ppm, gishiri 1.025 ko 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25 zuwa 27 na Celsius, kuma kar su riƙa hawa da sauka. Ka duba bakin ɓawon wanda ya rage, in akwai sabon farin layi toh yana girma, in babu akwai matsala.

Abin da na fi jin tsoro kuma wasu 'yan ƙananan dodon koɗi ne farare, Pyramidellid, girmansu bai wuce ƙwayar hatsi ba, da rana suna laɓe a ƙarƙashin ɓawo ko cikin yashi, da dare su hau su tsotse ruwan jikinsa har ya ƙare. Ka haska da tocila awa ɗaya ko biyu bayan an kashe fitila, in ka gansu ka goge su da tsohon buroshi har da ƙwansu mai kama da majina, ka yi ta maimaitawa na wasu makonni domin sabbi na ƙyanƙyashewa.

Ban ce duk tsutsa mutuniyar kirki ba ce. Akwai Oenone fulgida, doguwa siririya ruwan lemo ba ta da wannan farar ƙayar, ita da gaske tana cin makankari da dodon koɗi, alamarta yauƙi mai yawa da take bari a wurin. Akwai kuma Hermodice carunculata ta tekun Karibiyan mai cin murjani. Waɗannan in ka gansu ka cire.

Wanda ya rage ka ɗora shi kan shimfiɗaɗɗen dutse, saboda ta ƙasansa akwai kafa inda zarensa ke fitowa ya kama wuri, ta nan ne komai ke samun shiga. Kuma kar ka taɓa fizge shi in ya kama, yagewar wurin kaɗai na iya kashe shi. In tsutsotsin sun yi maka yawa abinci kake zubawa fiye da kima, ka rage za su ragu da kansu, kuma ka sa safar hannu in za ka taɓa dutse domin ƙayar tana shiga fata ga raɗaɗi, in ta shige ka sai ka manna salatif ka zare ta.