Kek ɗin cakulan na gwangwanin burodi: sama ya ƙone, ciki ɗanye

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki: kin ce duk sanda kika gasa kek ɗin cakulan a gwangwanin burodi sai saman ya tsage ya ƙone, tsakiya kuma ta lotsa ta zauna ɗanya, gefen da ya gasu ya bushe har yana shaƙe mutum. Kin ce kuma Milo kike zubawa, kina awo da kofi, wani lokaci ki gasa a oben ɗin gas, wani lokaci a tukunya da yashi. Na daɗe ina gasa irin wannan kek ɗin, na gida da na masu oda, kuma abin da kika lissafa ba matsala ɗaya ba ce, uku ce ta haɗu: awo, koko, da wuta.

Bari in fara cire miki damuwa ɗaya. Tsagewar nan da ke bi ta tsakiyar saman kek ɗin ba aibi ba ce. Kwaɓin yana da kauri, gwangwanin yana da zurfi, saman yakan riga cikin yin ɓawo, to idan cikin ya tashi dole ya fasa ya fito. Masu sayarwa ma da gangan suke jan layi a tsakiyar kwaɓin da wuƙar da aka shafa wa bota, don tsagar ta fito a miƙe. Ƙonewar da ɗanyen ciki su ne abin gyara.

Asalin wannan kek ɗin na Turawan Ingila ne, kuma tun farko abu huɗu ake haɗawa da nauyi iri ɗaya: bota, sukari, ƙwai, fulawa, kowanne fam guda, wato kusan giram 450. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san shi da sunan da Faransawa ke kiransa, quatre-quarts. A da can ko bekin fauda ba a saka masa, iskar da aka buga cikin bota da sukari ita ke tashinsa. Tunda kek ne na nauyi, awo da kofi yana cutar mai yinsa. Kofin fulawa ɗaya in kin tankaɗe kin zuba a hankali zai yi giram 120 zuwa 125, in kuwa kin tsoma kofin cikin buhu kin danna, zai iya wuce 150. A kofi biyu kin ƙara fulawa mai yawa ba ki sani ba, ga bushewa ta samu. Don Allah ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir. Kuɗinsa bai kai asarar bota da ƙwai na kek biyu da suka lalace ba.

Sai maganar Milo. Milo da Bournvita abin sha ne, an haɗa su da sukari da madara da malt, kokon da ke ciki bai kai ya ba kek launi da ɗanɗanon cakulan na gaske ba. Idan kika ƙara yawansu don kek ya yi duhu, sukari kike ƙarawa, shi kuwa sukari mai yawa yana sa sama ta yi saurin ƙonewa, tsakiya ta kasa tsayawa ta lotsa. Ki nemi hodar koko zalla wadda ba a sa mata sukari ba, a shagunan masu kayan kek ana samu a gwangwani ko a awo.

Hodar koko kuma tana da halinta, a nan nake so ki tsaya da kyau. Tana shan ruwa fiye da fulawa. In kika ɗauki kwaɓin farin kek kika zuba masa koko a kai ba ki rage komai ba, kamar kin ƙara gari a tuwon da ya riga ya yi tauri ne. Don haka duk giram ɗin kokon da za ki saka, ki rage kwatankwacinsa a fulawa, sannan ki rama wa kwaɓin ruwan da kokon zai shanye. Ni da ruwan zafi nake dama kokon tukuna, ya zama kamar kunu mai kauri, in bar shi ya huce sannan in haɗa. Zafin yana fito da ƙamshinsa, kuma ba ya yin gudaji. Wasu da baƙin kofi mai zafi suke damawa, ba ya sa kek ɗin ya yi ɗanɗanon kofi, cakulan ɗin ne yake ƙara fitowa.

Iri biyu ce hodar a kasuwa. Akwai mai ɗan haske, ruwan ƙasa-ƙasa, tana da ɗan tsami. Akwai mai duhu sosai wadda aka kashe mata tsamin, dabarar da ake dangantawa da wani ɗan Holan, Coenraad van Houten, tun ƙarni na 19. Bekin soda sai ta haɗu da tsami take aiki. In kin sa soda da yawa a kwaɓin da ba shi da tsami, kek ɗin zai yi ɗanɗanon sabulu. Bekin fauda kuwa da tsaminta take zuwa, tana aiki da kowace irin hoda. Abin da ya sauƙaƙa mana mu a nan shi ne kindirmo. Turawa suna neman madara mai tsami ta kanti don wannan kek ɗin, mu ga ta a ƙwarya. Kindirmo mai kauri, mara sukari, wanda ba a tsinka da ruwa ba, yana sa kek ya yi laushi ya kwana biyu bai bushe ba. Ki dai tace shi in da gudaji.

Ga awon da nake yi wa gwangwani mai tsawon santimita 23 da faɗin 13: bota giram 225, sukari giram 240, ƙwai manya 4, fulawa giram 180, hodar koko giram 45 da aka dama da ruwan zafi babban cokali 4, kindirmo rabin kofi, bekin fauda ƙaramin cokali 1, bekin soda kwatan ƙaramin cokali saboda tsamin kindirmon, gishiri rabin ƙaramin cokali, da filebon banila. Kada ki raina gishirin, in babu shi cakulan yakan fito salam. Kada kuma ki ƙara bekin fauda da zaton zai fi tashi. Zai tashi da sauri ya kumbura, sannan ya faɗa ciki tun yana cikin oben.

Botar ita ce inda yanayin garinmu yake shiga. Ana so ta yi laushin da in kin danna da yatsa zai shiga ya bar alama, amma ba ta narke tana ƙyalli ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, botar da aka bari a kicin takan zama mai kafin ki gama fasa ƙwai, kuma narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Daga nan ake samun wannan layin mai danƙo a ƙasan kek, wanda ake zaton bai gasu ba. A irin lokacin ki yi kwaɓi da sassafe, ko ki sa botar a firij na ɗan lokaci, ko ki ɗora kwanon bisa ruwan sanyi. Da hunturu kuma akasin haka ne, bota ta yi tauri, ƙwai ya yi sanyi, sai ki jiƙa ƙwayayen a ruwan ɗumi na minti biyar kafin ki fasa. Ki duba jikin botar ma: wadda ake yi don shafa wa burodi ruwanta ya fi yawa, ta gashi ake so, mai kitse kusan kashi 80 cikin 100.

Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi a hannu. Da inji minti 4 zuwa 5 ya isa, da muciya kuwa sai kin yi minti goma sha wani abu, hannu zai gaji amma ana yi. Sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shige sosai kafin ki sa na gaba. In kika juye su gaba ɗaya kwaɓin zai tsinke ya yi kamar nono ya kece. In hakan ta faru ki zuba cokali ɗaya na fulawar ki ci gaba, zai dawo. Bayan ƙwai sai damammen koko da filebo. Daga nan ki ajiye injin. Ki tankaɗe fulawa da fauda da soda da gishiri tare, ki raba uku, ki zuba kashi ɗaya, rabin kindirmo, kashi na biyu, sauran kindirmo, kashi na ƙarshe, kina juyawa da hannu a hankali. Da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa ta shiga yana tayar da danƙonta, kek ya fito da tauri da ramuka.

Gwangwanin ki shafa masa bota ki shimfiɗa takardar gashi, in babu ki barbaɗa koko maimakon fulawa don kada gefen ya fito da fari-fari. Kada kwaɓi ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfinsa. In ya yi saura ki zuba a ƙananan gwangwanaye.

Yanzu wuta, wadda ita ce babbar mai laifi a abin da kika faɗa. Kek mai faɗi a faranti yakan gasu cikin rabin awa, shi kuwa wannan zafin sai ya ratsa zurfi kafin ya kai tsakiya. Wuta ƙasa-ƙasa yake so, digiri 160 zuwa 170 a ma'aunin Celsius, na tsawon awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata. Da yawa daga cikin oben ɗin gas ɗinmu lambar da ke jikin maɓallin ba ita ce zafin da ke ciki ba, wasu ma babu lamba sam. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki yana raba gardama. Ki kunna oben ɗin minti 15 kafin ki sa kek, ki ajiye shi a tsakiya, in wutar daga ƙasa take fitowa ki sa wani faranti a layin ƙasa ya tare ta. Kada ki buɗe ƙofa kafin minti 40, iska mai sanyi in ta shiga tsakiyar da ba ta kama ba sai ta faɗa. Bayan nan in kin ga sama ta fara duhu, ki yafa mata foyil sako-sako ki ci gaba. Ki tuna launin cakulan yana ɓoye ƙuna, hanci yakan riga ido ganewa.

A tukunya ma yana yi lafiya lau. Ki sa yashi mai tsabta kaurin yatsu biyu, ki rufe ya yi zafi minti 15, ki ɗora gwangwanin bisa wani ƙarfe ko murfin tukunya don kada ƙasansa ya taɓa yashin kai tsaye, ki rage wutar sosai. Shawarata ga mai tukunya ita ce ki raba kwaɓin gida biyu a ƙananan gwangwanaye, domin zafin tukunya daga ƙasa yake zuwa, kek mai zurfi zai ƙone a gindi kafin sama ta kama. In da gawayi kike yi, ki rage na ƙasa ki ɗora 'yan garwashi kaɗan bisa murfin.

Wajen gwaji ki sa dogon tsinke irin na tsire, na sakace ba ya kai ƙasa. Ki soka shi cikin tsagar nan ta tsakiya, nan ce ke gasuwa a ƙarshe. In ya fito da kwaɓi a ƙara minti biyar zuwa goma. In ya fito da 'yan ɓurɓushi masu laima a jikinsa, to ki sauke, kada ki jira ya fito fes, domin zafin gwangwani zai ƙarasa aikin. Ki bar shi minti 15 a ciki sannan ki juye, in ya huce gaba ɗaya ki naɗe shi a leda mai kama jiki. Washegari ya fi daɗi kuma ya fi yankuwa, saboda haka in na biki ne ko na baƙi, ki gasa tun jajibiri. Firij yana busar da shi; in zai wuce kwana uku a zafin nan, gara ki yanka ki naɗe kowane yanki ki sa a firiza.

In kin gwada ki turo mana hoton yankan daga tsakiya, ki faɗi irin hodar da kika samu da inda kika gasa, daga cikin kek ɗin ake gane abin da ya rage a gyara. Allah ya sa albarka a hannu.