Tambaya da Amsa: Shagonmu na Second Life namu ne ko na haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni tela ce a Zariya. Ɗana ya koya mini zana kaya a kwamfuta, muka buɗe shago a Second Life, duniyar nan ta cikin intanet. Muna sayar wa 'yan wasa riga da ɗaurin kallabi su sa wa mutum-mutuminsu. Yanzu ya ce mu sayi fili, kuma mu riƙa liƙa tambarin manyan kamfanoni a jakunkuna don su yi kasuwa. Akwai matsala?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar tambari ki tsawatar masa tun yau. Wani ɗan Amurka, Mason Rothschild, ya sayar da hotunan jakar Birkin a intanet, ya sa musu suna MetaBirkins. Ko zare ɗaya bai ɗinka ba, amma kamfanin Hermès na Faransa, mai yin jakar, ya maka shi a kotu a New York, a Fabrairun 2023 aka ce ya biya kusan dala 133,000. Ke wasiƙar ƙorafi ɗaya ma ta isa a kwashe miki kaya.

Fili kuwa, sunansa ne kawai saye. Kamfanin Linden Lab da ke San Francisco shi ke da wurin tun 2003, shi ke tafiyar da shi, kuma mai fili kuɗin wata yake biya kamar mai rumfa a kasuwa. Doguwar yarjejeniyar nan da ɗanki ya danna "na yarda" ranar rajista (na san bai karanta ba, ni ma sai da aiki ya tilasta mini) ita ce takardar hayarku. Ta ba su ikon rufe asusu, kuma dokar jihar Kalifoniya ake bi in an samu saɓani. Wani lauya, Marc Bragg, an rufe nasa a 2006 bisa zargin ya bi ta bayan fage wajen gwanjon fili. Sai da ya kai ƙara, aka sasanta a 2007 kafin ya koma ciki. Shi lauya ne, kuma a ƙasarsu. Ke daga Zariya, kuɗin shari'ar ya fi ƙarfin shagon.

Saboda haka ni dai ban ga amfanin zuba jari mai yawa a filin ba. Ku kama haya kaɗan, ku riƙa canza kuɗin Linden, wato kuɗin cikin wasan, zuwa dala kuna fitarwa. A 2007 wani "banki" na cikin wasan, Ginko Financial, ya durƙushe da ajiyar mutane, har kamfanin ya hana irin waɗannan bankuna a farkon 2008.

Zanenki shi ne naki, dokar haƙƙin mallaka na kare shi. Ki adana ainihin fayilolin da ranakunsu, don ranar da wani zai kwafi ɗaurin kallabinki. Ki kuma rubuta cinikin a littafi, domin hukumar haraji ba ruwanta da inda aka yi shi.