Robot ɗina ya faɗi sau bakwai a jere, in canza ma'auni?

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce robot ɗin da ka ɗora a MetaTrader, manhajar cinikin kuɗi ta intanet, yana saye idan layin matsakaicin farashi na kwana 20 ya haye na kwana 50, yana sayarwa idan ya sauko ƙasa, kuma a wata biyun nan ya ci asara sau bakwai a jere a kan zinare. Kana tambaya ko ka jefar da ma'aunin ka nemo wani, ko ka ƙara masa biyu su taimaka masa.

Kada ka taɓa shi tukuna.

Ma'aunin nan ba boka ba ne, mai bin sawu ne. Abin da ya riga ya faru yake tarawa ya raba, don haka kullum a makare yake shiga, a makare yake fita. Idan kasuwa ta miƙe hanya ɗaya, makarar ba ta cutarwa, tsakiyar tafiyar ma ta ishe ka. Matsalar ita ce ranar da farashi ya tsaya yana kai-kawo tsakanin bango biyu. Layukan za su dinga sarƙewa, robot ya saya a sama ya sayar a ƙasa, ya sake, ya kuma. Na tabbata in ka buɗe jadawalin wata biyun nan abin da za ka gani ke nan. Robot bai lalace ba, aikin da ka sa shi yake yi.

A 1983 wani ɗan kasuwa a Shikago, Richard Dennis, suka yi gardama da abokinsa William Eckhardt kan ko ana iya koya wa mutum wannan sana'a. Suka ɗebi sababbin hannu, waɗanda aka yi wa laƙabi da Kunkuru, suka ba su dokoki. Ƙofar shigarsu ba ta da wani sirri: farashi ya zarce ƙololuwarsa ta kwana 20, ka saya, ya faɗi ƙasa da mafi ƙanƙantarsa na kwana 10, ka fita. Nauyin dokokin yana wajen nawa za ka zuba da inda za ka kafa shingen asara, wato farashin da in an kai shi za a rufe cinikin don asara ta tsaya. A nan nake so mu daɗe, domin saƙonka bai ambaci ko ɗaya ba, kuma shirun nan ya fi asarar bakwai ɗin damuna.

Suna auna tsallen da kaya ke yi a rana da abin da muke kira ATR, wanda Welles Wilder ya fito da shi a 1978, sai su sa shinge a ninki biyu na wannan tsallen. Mu ɗauka dala 1,000 gare ka, ka yarda ka rasa kashi 1 cikin 100 a kowane ciniki, wato dala 10. A ce zinare na tsallen dala 20 a rana, shinge ya zama dala 40 ke nan a kan oza ɗaya. Rubu'in oza kawai ya kamace ka. To amma wajen yawancin dillalai mafi ƙanƙantar lot (awon girman ciniki), 0.01, oza ɗaya ce cur. Ka ga jari irin wannan bai kai ya yi zinare a jadawalin kwana-kwana ba, ko da wane ma'auni. Faɗuwa bakwai a kashi 1 ƙwarzane ce, ba ta wuce kashi 7 ba. Bakwai a kashi 10 kuwa, fiye da rabin jari ya tafi.

Batun ƙara ma'auni: in ka matsa, guda ɗaya na yarje maka, ADX, mai auna ƙarfin tafiyar farashi. Ka hana robot shiga idan yana ƙasa da 20 ko 25. Zai rage sarƙewar, amma zai ƙara maka makara, wani lokacin ya sa babbar tafiyar ta wuce ka. Komai da kuɗinsa.

Abin da ban yarda ba shi ne ka zauna kana murɗa lambobi, 20 ta koma 17, 50 ta koma 43, har sai tsohon jadawali ya yi kyau. Ni ma na yi wannan wautar ina sabon shiga, na kwana uku ina murna. Ɗinka wa yaro riga ne da awon bara. Ka raba tsohon farashin biyu, ka gyara a kashin farko, ka gwada sau ɗaya tak a na biyu, tare da lissafin ratar dillali (bambancin farashin saye da na sayarwa) da kuɗin kwana (abin da ake caja idan ciniki ya kwana a buɗe). Shi wannan kuɗin kwana kuɗin ruwa ne, mai bin tafiya kuma yana riƙe ciniki makonni, don haka ka nemi asusu marar ruwa, ka kuma tambayi malami hukuncin cinikin kansa. Wannan ba fagena ba ne.

Shingen ma kada ka ɗauke shi katangar ƙarfe. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin kuɗinsa da yuro, farashi ya tsallake shingayen mutane cikin mintoci, wasu suka wayi gari dillali na bin su bashi.

Yanzu ka mayar da robot ɗin asusun gwaji, lambobinsa yadda suke. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo da cinikin bakwai ɗin a rubuce: inda ya shiga, inda ya fita, girman lot, da waɗanda kai ka rufe da hannunka kafin ya gama. Na san akwai su.